Tambayoyi da Amsoshi Kan Jifa a Wasan Ƙwallon Ƙafa: Yadda Alƙalan Wasa Ke Aiki da Doka ta 15

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga gardandamin da ake yawan yi a filayen unguwa da gidajen kallon ƙwallo na Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12 da Alaba Rago, musamman tsakanin matasan da ake danƙa wa usur a gasar unguwa, da masu horar da yara, da 'yan kallon da ba sa barin jifa ko ɗaya ya wuce ba su tanka ba. An gina amsoshin a kan littafin dokokin wasa na kakar 2025/26. Sabon littafi yana fara aiki ranar 1 ga Yuli kowace shekara, saboda haka wajibi ne mai hura wasa ya riƙa neman na shekarar da yake ciki.

1. Wace doka ce ta yi magana a kan jifa, kuma su wa suka rubuta ta?

Dokokin ƙwallon ƙafa guda 17 ne, kuma ta 15 ita ce ta jifa, wato mai da ƙwallo cikin wasa da hannu bayan ta fita ta layin gefe. Hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya, wadda aka kafa a 1886, ita kaɗai ke da ikon sauya su. Ingila da Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa kowace tana da ƙuri'a ɗaya a cikinta, FIFA na da huɗu, kuma ba a sauya doka sai an samu ƙuri'a shida cikin takwas. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya (NFF) da alƙalan wasan ƙasar ba su da wata dokar jifa tasu ta daban, don haka abin da ya halatta a Landan shi ne ya halatta a filin Teslim Balogun da ke Surulere ko a filin wasa na Agege.

Doka ta 15 gajera ce ƙwarai, amma wasu hukunce-hukuncen jifa suna warwatse a Doka ta 9 da ta 11 da ta 12. Mafi yawan rigimar da ake yi a bakin layi ba daga abin da littafin ya faɗa take tasowa ba, daga sharuɗɗan da mutane suka gada a baki ne, waɗanda babu su a rubuce.

2. Yaushe ake cewa ƙwallo ta fita?

Sai dukkan ƙwallon ta tsallake dukkan layin gefe, a ƙasa ko a sama. Layin kansa ɓangare ne na fili, kuma faɗinsa ba ya wuce santimita 12. Abin da ke ruɗin ido shi ne ƙwallo kewayayya ce: ƙasanta na iya zama a waje har ana ganin ciyawa tsakaninta da layi, alhali kumburin gefenta yana rataye a saman layin. Muddin haka ne, tana cikin wasa. Duk wanda ya kalli wasan Japan da Sifaniya a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar zai tuna ƙwallon da Mitoma na Japan ya dawo da ita daga bakin layi, abokin wasansa Tanaka ya ci. A layin raga abin ya faru, amma ma'aunin ɗaya ne da na layin gefe.

Idan ƙwallo ta fita a sama, iska ko lanƙwasa ta dawo da ita ciki, ta riga ta fita, jifa ne. Matsayin ƙwallo ake dubawa, ba na ɗan wasa ba, don haka wanda ya fita waje da jikinsa ya tare ƙwallon da ke kan layi bai yi laifi ba.

3. Wa ake ba jifa idan ba a ga wanda ya taɓa ƙwallon a ƙarshe ba?

Ana ba abokan hamayyar wanda ya taɓa ta a ƙarshe, ko da gangan ya taɓa ko ta goge shi ne kawai. Idan 'yan wasa biyu suka haɗa ƙafa ƙwallon ta fita, littafi bai ba alƙali damar kauce wa hukunci ba, dole ya zaɓi gefe. Abin da ake koya wa mataimakin alƙali shi ne, idan fitar ta faru kusa da shi kuma ya gani sarai, ya nuna gefe da tutarsa kai tsaye. Idan yana shakka, ya ɗaga tuta don sanar da cewa ƙwallo ta fita, ya haɗa ido da alƙali, sannan ya bi inda alƙalin ya nuna. Babu abin da ke tayar da hayaniya kamar alƙali ya nuna gabas mai tuta ya nuna yamma.

Alƙali na iya sauya hukuncinsa idan ya gane kuskure ko mataimakinsa ya ankarar da shi, amma kafin a yi jifan. Da zarar wasa ya ci gaba, magana ta ƙare. Ƙwallon da ta bugi alƙali ta fita, ana duba ɗan wasan da ya taɓa ta kafin nan. Wadda ta bugi sandar tutar kusurwa ta dawo ciki kuwa, tana cikin wasa.

4. Mene ne sharuɗɗan jifa ingantacce?

A daidai lokacin da ƙwallon ke barin hannu, mai jifa ya kasance a tsaye yana fuskantar fili, wani sashe na kowace ƙafarsa yana kan layi ko a ƙasa a wajen layi, kuma ya jefa da hannu biyu daga bayan kai ta saman kai, daga wurin da ƙwallon ta fita. Iyakar abin da aka rubuta ke nan. Sharaɗin tsayuwa an fayyace shi a littafin 2018/19, wanda ya rufe ƙofar jifa a durƙushe ko a zaune. Kowane ɗan wasa na iya yin jifa, har mai tsaron gida. Wanda aka canjo yanzu ma yana iya yi, amma sai ya fara taka cikin fili don canjin ya tabbata.

5. Ɗaga diddige ko taka layi yana ɓata jifa?

Ko ɗaya ba ya ɓatawa, kuma a nan aka fi zaluntar yara a wasannin unguwa. Doka ta ce wani sashe na kowace ƙafa, ba ta ce dukkan tafin ƙafa ba. Wanda ya ɗaga diddige ya tsaya a kan yatsu bai saɓa ba. Wanda ya taho a guje yana jan yatsun ƙafarsa ta baya a ƙasa har ya saki ƙwallo bai saɓa ba. Wanda diddigensa ke kan layi, sauran ƙafar tana cikin fili, shi ma bai saɓa ba, ko da kuwa ƙafafun biyu ne a haka. Ba a kuma ce sai an haɗa ƙafafu wuri ɗaya ba, ana iya sa ɗaya gaba ɗaya baya.

Jifa yana ɓaci ta fuskar ƙafa a hali biyu: idan ƙafa ɗaya ta rabu da ƙasa gaba ɗaya kafin ƙwallon ta bar hannu, ko idan ƙafa ɗaya ta shige cikin fili ba ta taɓa layi ko kaɗan. Akwai kuma hali na uku da yake da wuyar gani, wato mutum ya aza diddige a kan layi, sannan ya ɗaga shi lokacin jifa, ya zamana yatsunsa da ke cikin fili su kaɗai ke taɓa ƙasa. Wannan ɓatacce ne, domin babu sauran sashen ƙafar da ke kan layi.

Muhimmin abu shi ne lokacin. Yaron da ya yunƙura da ƙarfi, ƙwallo ta tafi, sannan ƙafarsa ta baya ta tashi saboda nauyin jikinsa ya rinjaya gaba, bai yi laifi ba. 'Yan kallo ƙafar da ke sama suke gani su yi ihu, amma alƙalin da ya san aikinsa abin da yake tambayar kansa shi ne ko ƙafar ta tashi kafin sakin ƙwallon ko bayansa. Idan bai tabbata ba, ya bar wasa ya tafi.

6. Idan ƙwallon ta tafi tana juyawa, ko aka jefa ta kusa-kusa, laifi ne?

Babu inda littafin ya ambaci juyawar ƙwallo, kuma bai ce sai ƙarfin hannu biyun ya zo daidai ba. Juyawa dai alama ce da ke sa alƙali ya ƙara lura, domin wani yakan jefa da hannu ɗaya ne, ɗayan yana gefe a matsayin rakiya kawai. Idan alƙali ya ga haka ƙarara, zai iya cewa ba da hannu biyu aka jefa ba. Amma hura usur don kawai ƙwallo ta juya ba shi da tushe.

Haka ma ba a ƙayyade nisan jifa ko ƙarfinsa ba. Ana iya jefa wa abokin wasa da ke nan kusa a hankali, matuƙar ƙwallon ta taso daga bayan kai ta bi ta samansa. Abin da alƙalai ke ƙi shi ne a fara daga goshi ko ƙirji a tura, ko a kawo ƙwallon gaban fuska a sake ta ta faɗi, domin wannan ajiyewa ne, ba jifa ba. Jifa na iya zama mara kyan gani kuma ya inganta (duba tambaya ta 9).

7. Dole ne a yi jifa a daidai inda ƙwallon ta fita?

A rubuce, dole ne. A aikace, alƙalai suna kau da kai ga taku ɗaya ko biyu, musamman a tsakiyar fili inda ba su sauya komai. Kusa da ragar abokan hamayya kuwa, inda dogon jifa ke zama hari, ana ƙara tsanantawa. Dabarar satar taku sananniya ce: ɗan wasa ya ɗauki ƙwallo yana tafiya gaba kamar mai neman wanda zai ba, ya tsaya, ya sake matsawa, kafin a ankara ya ci mita takwas ko goma.

Alƙali mai hikima tun kafin a jefa yake nuna wuri da hannu, ya mai da mutum baya. Idan ya nuna, ɗan wasan ya yi kunnen ƙashi ya jefa daga inda ya ga dama, jifan ya koma ga ɗaya ɓangaren. Jifa daga baya sosai, don a samu mai da ƙwallo gida cikin sauƙi, shi ma saɓa wa wurin ne, ko da yake ba a cika kula da shi ba.

8. Idan jifa ya ɓaci, sakewa ake yi ko abokan hamayya ake ba?

Akwai bambanci tsakanin hali biyu. Idan mai jifa ya saɓa ɗaya daga sharuɗɗan da ke tambaya ta 4, abokan hamayya ne za su jefa daga wurin. Tun 1931 ake haka, kafin nan bugun tazara ake bayarwa. Idan kuwa ya cika sharuɗɗa, amma ƙwallon ta taɓa ƙasa a waje kafin ta shiga fili, kamar yadda yakan faru ga mai jifa tare da layi, to ƙungiyarsa ce za ta sake daga wuri guda, domin ƙwallon ba ta shiga wasa ba. Idan ta shiga fili a sama sannan ta sake fita ba wanda ya taɓa, jifa ne na abokan hamayya daga inda ta fita.

Ɓataccen jifa ba ya jawo kati, kuma ba a barin sa ya wuce don ƙwallon ta faɗa ƙafar abokin hamayya. Alƙali ba ya buƙatar hura usur kafin a yi jifa, sai idan ya tsayar da wasa don bayar da kati, ko duba rauni, ko canji.

9. Me ya sa alƙalan Firimiya ke barin jifan da za a hura a Agege ya wuce?

Dalili na farko shi ne yawancin abin da ake hurawa a filayenmu ba laifi ba ne tun asali, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 5 da ta 6. Na biyu shi ne Doka ta 5 ta umurci alƙali ya yi hukunci bisa doka da kuma ruhin wasa. Manufar jifa ita ce a mai da ƙwallo cikin wasa da sauri, saboda haka alƙalan manyan gasanni suna tambayar ko saɓawar a fili take, kuma ko ta ba mai jifan wata riba. Wannan ba ya nufin duk abin da suka bari ya wuce daidai ne, akwai ɓatattun jifa na gaske da ke kuɓuce musu domin idonsu yana cikin fili inda ake riƙe riga da ture-ture.

A ganina, alƙalin unguwa da yake hura usur sau shida a kan diddige, amma ya bar satar mita goma da ɓata lokaci, ya juya ma'aunin ne. Sau da yawa ba doka yake karewa ba, yana so ne 'yan kallo su ga ya san aiki. A wasan yara ƙanana, wasu masu shirya gasa kan yarda a nuna wa yaro kuskurensa ya sake sau ɗaya, kuma hakan yana da amfani, sai dai a sanar da ƙungiyoyin biyu tun kafin a take wasa.

10. Abokin hamayya zai iya tsayawa a gaban mai jifa?

Zai iya, amma da tazarar aƙalla mita 2, sharaɗin da ya shiga doka a 2005. Daga 2019/20 aka fayyace cewa daga wurin jifan a kan layi ake aunawa, ba daga inda mai jifa ya ja da baya ya tsaya ba. Wanda ya matso ƙasa da haka, ko ya riƙa tsalle da kaɗa hannu a fuskar mai jifa don ya ruɗa shi, katin gargaɗi ne. Idan an riga an yi jifan, ana ƙara wa masu jifa bugun tazara wanda ba a cin ƙwallo da shi kai tsaye.

11. Akwai satar gida a jifa?

Babu, tun 1920. Wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa ba a kama shi da satar gida, ko da shi kaɗai ne a bayan 'yan baya. Rangwamen yana ƙarewa da zarar wani abokin wasa ya taɓa. Idan aka yi dogon jifa, wani ya goga da kai zuwa ga abokinsa, ana auna matsayin abokin a lokacin gogawar, kamar kowane fasin.

12. Ana cin ƙwallo kai tsaye daga jifa?

Ba a ci. Idan ƙwallon ta shiga ragar abokan hamayya ba wanda ya taɓa, bugun gola ne. Idan ragar mai jifan ta shiga, bugun kusurwa ne ga abokan hamayya. Amma taɓawa kaɗan daga kowane ɗan wasa, har da mai tsaron gida, ta isa ta halatta cin. A Satumban 2002, a wasan Birmingham City da Aston Villa, Olof Mellberg ya jefa wa golansa Peter Enckelman ƙwallo, ta bi ta ƙarƙashin ƙafarsa ta shiga raga. Alƙalin wasa David Elleray ya yanke cewa ta taɓa shi, ya bayar da ci, Birmingham ta yi nasara da 3-0. Da ya yanke cewa ba ta taɓa shi ba, da bugun kusurwa kawai za a bayar. Shi ya sa golan da dogon jifan abokan hamayya ya fi ƙarfin hannunsa, kuma babu kowa kusa, gara ya ƙyale ta ta shiga da ya ɗan taɓa ta da yatsa.

13. Mai tsaron gida zai iya kama jifan da abokin wasansa ya yi masa?

Tun 1997 an hana, shekara biyar bayan an hana shi kama ƙwallon da abokin wasa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Idan ya sa hannu a cikin yadi na 18, bugun tazara ne wanda ba a ci kai tsaye, ba fenariti ba, kuma babu kati. Da ƙafa ko ƙirji ko kai zai karɓa. Gyaran 2019 ya ƙara cewa idan ya yi ƙoƙarin buga ƙwallon a fili ƙarara don ya fitar da ita amma bugun ya kuskure, zai iya kama ta bayan nan. Jifan abokin hamayya kuwa yana da 'yancin kama shi.

14. Mai jifa zai iya jifan bayan abokin hamayya don ƙwallon ta dawo masa?

Mai jifa ba ya sake taɓa ƙwallo sai wani ɗan wasa ya taɓa, in ya yi haka bugun tazara ne wanda ba a ci kai tsaye. Don kauce wa wannan ne wasu ke jifan bayan abokin hamayya da ya juya, kuma doka ta yarda, muddin jifan ya inganta kuma babu ganganci ko ƙarfin da ya wuce kima. Idan aka ɗirka wa mutum ƙwallo a fuska ko a ƙeya da mugunta, bugun tazara ne kai tsaye daga inda ta same shi, tare da katin gargaɗi ko jan kati gwargwadon tsananin abin.

15. Jifa da alkafura da goge ƙwallo da tawul sun halatta?

Alkafura ta halatta idan a lokacin sakin ƙwallo ƙafafu biyu suna ƙasa a inda ya kamata, kuma ƙwallon ta taso daga bayan kai. Milad Mohammadi na Iran ya gwada ta a mintunan ƙarshe na wasansu da Sifaniya a gasar duniya ta 2018, amma ya fasa sakin ƙwallon, ya koma ya yi jifa na al'ada. A filin da ke da tsakuwa ko laka, haɗarinta ya fi amfaninta.

Dogon jifa ya yi suna ne ta hannun Rory Delap, wanda ya yi wasan jifan mashi yana yaro, lokacin da Stoke City ta hau Firimiya a 2008. A 2018 Liverpool ta ɗauki Thomas Grønnemark ɗan ƙasar Denmark don ya koyar da jifa kaɗai. Doka ta 15 ba ta ambaci tawul ba, dokokin kowace gasa ne ke yanke wannan. Abin da ya shafi alƙali shi ne kada gogewar ta zama hanyar cin lokaci. A damina a Legas, goge ƙwallo da cikin riga ya wadatar.

16. Yaya alƙali ke hukunta mai ɓata lokaci a jifa?

A littafin 2025/26 makamansa biyu ne, katin gargaɗi da ƙara lokaci a ƙarshen rabin wasa. Doka ta 12 ta ambaci wata dabara da sunanta: mutum ya ɗauki ƙwallo kamar zai jefa, sannan kwatsam ya ajiye wa wani abokinsa da ke tahowa daga nesa. Haka ma jinkirin da ya wuce kima, da shure ƙwallo ko tafiya da ita bayan an ba ɗaya ɓangaren jifa. A wannan littafin, bayan kati, jifan yana nan a hannun ƙungiyar da aka ba tun farko. Yawancin alƙalai kan fara da jan kunne a bayyane, inda kowa zai ji, domin katin da zai biyo baya ya zama babu mai musu. Idan lokaci ya cika ana shirin jifa, alƙali na iya tashin wasa, fenariti kaɗai ake tsawaita wasa dominsa.

17. Idan aka fitar da ƙwallo don a duba mai rauni, dole ne a mayar wa waɗanda suka fitar?

Al'ada ce ta mutunci, ba doka ba, kuma alƙali ba shi da ikon tilasta ta. Shahararren misali ya shafi ɗan Najeriya. A Fabrairun 1999, a gasar kofin FA, golan Sheffield United ya fitar da ƙwallo don a duba abokinsa. Ray Parlour na Arsenal ya jefa ta wajen golan, sai Nwankwo Kanu, wanda ranar ce ya fara buga wa Arsenal, ya bi ta ya ba Marc Overmars ya ci, aka tashi 2-1. Alƙali bai da hujjar soke cin. Kocin Arsenal na lokacin, Arsène Wenger, ne ya nemi a sake wasan, aka sake bayan kwana goma, Arsenal ta sake yin nasara da 2-1. Alƙalin unguwa da ya hango irin wannan zai iya tambayar mai jifa niyyarsa a gaban kowa, amma ba zai ba shi umurni ba.

18. Na'urar VAR tana gyara kuskuren jifa?

A tsarin 2025/26 abubuwa huɗu VAR, wato mataimakin alƙali mai duba hoton bidiyo, ke dubawa: cin ƙwallo, fenariti, jan kati kai tsaye, da ba wa wani kati a madadin mai laifin. Idan aka ba ƙungiya jifan da ba nata ba, ta jefa har ta kai ga ci, ba a komawa a soke, domin wasa ya riga ya ci gaba (duba tambaya ta 3). Amma idan ƙwallo ta fita ba a gani ba a cikin harin da ya haifar da ci, ana dubawa, kuma ana soke cin idan hoto ya nuna fitar ƙarara.

19. Yaya za a yi a filin da babu layi ko mai tuta?

Wannan ce ainihin matsalar gasar unguwa a Legas. Ana zana layi da toka ko farar ƙasa da safe, kafin a tafi hutun rabin lokaci ƙafafu sun share shi. 'Yan kallo suna matsowa har su zama su ne layin, mai sayar da ruwan leda yana ratsawa ta bayansu, babura suna jere a gefe, mai jifa kuma sai ya ture mutum biyu kafin ya samu inda zai ja da baya. A irin wannan fili ƙwallon takan bugi ƙafar ɗan kallo ta dawo, a rasa ko ta fita.

Maganin yana kafin wasa. Alƙali ya kira kyaftin biyu, su zagaya tare, a amince da iyaka, a sa alama a kusurwoyi da tsakiya, a kuma ja layi na biyu a baya wanda 'yan kallo ba za su ƙetare ba. Idan ya ɗauki mutum ɗaya daga kowane ɓangare ya riƙe tuta, ya taƙaita aikinsu ga nuna cewa ƙwallo ta fita, shi kuma ya riƙe hukuncin gefe da na ingancin jifa. Ɗan kallon da ya shigo cikin fili ya taɓa ƙwallon da ba ta fita ba, ba jifa ake bayarwa ba, alƙali ne ke tsayar da wasa ya saki ƙwallo. Inda 'yan wasa suka haɗa Hausawa da Yarbawa da Ibo, nuni da hannu a miƙe ya fi dogon bayani.

20. An taɓa gwada bugu da ƙafa a maimakon jifa?

An gwada. Gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Japan a 1993, wadda Najeriya ta lashe bayan ta doke Ghana da 2-1 da 'yan wasa irin su Kanu da Wilson Oruma da Celestine Babayaro, da bugun ƙafa daga layi aka buga ta. An kuma gwada a wata ƙaramar gasar Ingila a kakar 1994/95, amma ba a mai da shi doka ba, domin ƙungiyoyi sun mai da kowane bugu dogon lilo zuwa gaban raga. Jifa da hannu biyu, wanda aka tsayar tun farkon shekarun 1880, shi ya ci gaba.

A wasan futsal na mutum biyar-biyar da ƙafa ake mai da ƙwallo, cikin daƙiƙa huɗu, kuma ƙananan filayen haya da yawa a Legas wannan tsarin suke bi. Yaron da ya saba da su yana buƙatar a koya masa jifa daban kafin ya shiga gasar mutum sha ɗaya, a fara da tambaya ta 4 da ta 5.